Rumbun Disney: Yadda Ake Ɓoye Tsofaffin Katun, A Wanke Su, A Sake Sayarwa

Mai karatu, akwai wata rigima da aka shafe shekaru kusan arba'in ana tafkawa a Amurka tsakanin kamfanonin fim da masu sayen kaset, kuma abin mamaki a kan katun ake yin ta. E, katun ɗin nan da muke kunna wa yara don su bar mu mu huta. Manyan mutane masu furfura ne ke rubuta wasiƙu da sharhi a jaridu, wasu har suna rantsuwar ba za su ƙara sayen faifan wani kamfani ba. Ƙorafinsu kala-kala ne, amma duk a wuri guda yake tsayawa: fim ɗin da aka sayar mana ba shi ne wanda masu zanen suka yi ba. Ko an yanke wani wuri, ko an canza murya, ko an wanke launin har ya fita hayyacinsa, ko kuma an ɓoye fim ɗin gaba ɗaya an ce sai bayan shekara bakwai.

Don ka gane inda aka samo wannan hali sai mun koma zamanin da babu bidiyo sam. A Disamba 1937 ne Walt Disney ya fitar da Snow White and the Seven Dwarfs, dogon katun na farko da kamfaninsa ya yi, ya kuwa samu kuɗi na fitar hankali. Waɗanda suka biyo baya ba su yi wannan sa'ar ba. Pinocchio da Fantasia a 1940, da Bambi a 1942, duk ba su mayar da kuɗinsu a fitowar farko ba, domin Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe kasuwar Turai. Da aljihu ya yi sanyi, a 1944 sai aka sake kai Snow White gidajen silima, aka ga mutane sun cika kamar ba su taɓa ganinsa ba. Nan kamfanin ya gano wata dabara: katun ba ya tsufa kamar fim ɗin mutane, ba ruwansa da yayin tufafi ko na mota, sannan duk bayan 'yan shekaru ana samun sabbin yara da ba su gani ba. Sai aka mayar da abin al'ada. A nuna fim, a janye shi, a kulle, bayan shekara bakwai zuwa goma a sake fito da shi. Snow White kaɗai ya koma silima a 1952, 1958, 1967, 1975, 1983, 1987 da 1993. Ta wannan hanya ce su Pinocchio da Fantasia suka biya bashinsu har suka kawo riba.

To ka ga kuwa duk wanda ke cin abinci ta haka ba zai yi maraba da na'urar da za ta bai wa mutum damar ajiye fim a ɗakinsa ba. Da kamfanin Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC kuma ya biyo da VHS a 1976, Disney bai tsaya kallo ba: ya haɗa kai da Universal suka maka Sony a kotu, suna cewa na'urar sata ce. Shari'ar ta ja har Kotun Ƙolin Amurka, inda a Janairu 1984 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka ce mutum yana da ikon ɗaukar shirin talbijin a gidansa don ya kalla daga baya. Ka lura da wannan da kyau, domin kamfanin da ya yi ƙoƙarin kashe bidiyo shi ne daga baya ya fi kowa cin moriyarsa.

Da fari a ɗarare suka shiga. A 1981 suka saki Dumbo da Alice in Wonderland, waɗanda dama an riga an nuna su a talbijin, ba a jin asararsu. Manyan kuwa, dattawan kamfanin sun kafe ba za a taɓa su ba. Sai da Michael Eisner ya karɓi ragama a 1984 aka fara sassautawa. A Yuli 1985 Pinocchio ya fito a kaset, a kan dala 79.95, farashin da babu mai saye sai masu shagon haya. Da aka karya kuɗin zuwa dala 29.95 sai iyaye suka fara saye, daga nan fa aka ɓalle. Sleeping Beauty a 1986, Lady and the Tramp a 1987, Cinderella a 1988, kowanne na doke na bayansa a ciniki. The Lion King da ya fito a kaset a 1995 an sayar da fiye da kwafi miliyan 30. Shi kansa Snow White da aka yi ta cewa ba zai taɓa shiga kaset ba, ya shiga a Oktoba 1994.

Amma ba su yar da tsohuwar dabarar ba, sai suka ɗauko ta daga silima suka kawo kanti. Za a saki kaset na 'yan watanni, a cika talbijin da tallan cewa ka hanzarta kafin a mayar da shi rumbu, sannan a daina bugawa. Wannan rumbu, wanda ya yi suna a matsayin rumbun Disney, ba wani ɗaki ba ne da ake kulle kaset a ciki. Shawara ce kawai ta 'yan kasuwa. Fantasia da ya fito a 1991, kwana 50 kacal aka bai wa 'yan kasuwa su yi oda, aka kuwa sayar da sama da miliyan 14. Duk wanda ya san yadda ake ɓoye hatsi da kaka a jira bazara ya san wannan lissafi. Bambancin kawai, hatsi yana iya ƙarewa da gaske, shi kuwa kaset ko nawa aka ga dama ana iya bugawa. Wannan ne ƙorafi na farko, kuma na iyaye ne: ɗiyarka ta kai shekara biyar tana son Cinderella, ka je kanti a ce maka yana rumbu, sai ta kai sha biyu. Dole ka nemi na hannu a kan ninkin kuɗinsa, ko ka faɗa hannun masu satar fasaha.

Da DVD ya zo aka sake sabon lale. Aka riƙa yi wa faya-fayan laƙabi iri-iri: Gold a 2000, Platinum a 2001, Diamond a 2009, Signature a 2016, kowanne ana cewa shi ne na ƙarshe, shi ne mafi kyau. Wanda ya bi Snow White tun daga kaset ɗin 1994 zuwa faifan 4K na 2023 ya saye shi sau biyar ke nan. A tsakanin nan kuma aka ƙirƙiro wata sana'a, ta yi wa tsofaffin finafinai kashi na biyu da na uku waɗanda ba sa zuwa silima, kai tsaye sai kanti. The Return of Jafar na 1994 ne ya buɗe ƙofar, sai ga Cinderella II a 2002, har da Bambi II a 2006, shekara 64 bayan na farkon. Zanen mai araha, labarin an ja shi kamar roba. Mu da muka saba da fim ɗin da labarinsa bai wuce awa ɗaya da rabi ba amma a raba shi kashi huɗu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Bayan Disney ya sayi Pixar a 2006, John Lasseter ya zama shugaban sashen katun, shi ya taka wa abin birki.

Ba masu kallo kaɗai suka ji an ci da guminsu ba. Mawaƙiya Peggy Lee, wadda ta yi muryoyi huɗu a Lady and the Tramp ta kuma taya rubuta waƙoƙinsa, dala 3,500 aka biya ta kuɗin murya a kwantiragin 1952, lokacin da ba wanda ya yi mafarkin bidiyo. Da ta ga kaset ɗin na ta kawo miliyoyi ita ko sisi, ta kai ƙara, a 1991 aka ce a biya ta dala miliyan 2.3. 'Yan wasanmu da mawaƙanmu da aka biya sau ɗaya aka sallama, alhali fim na ta yawo daga kaset zuwa sidi zuwa tauraron ɗan'adam zuwa YouTube, su ma sai su karanta wannan sakin layi sau biyu.

Yanzu mu zo kan almakashi, inda rigimar ta fi zafi kuma ta fi wuyar yanke hukunci.

A cikin Fantasia akwai wani wuri da aka zana halittu rabi mutum rabi doki. 'Yan matan farare ne kyawawa, sai aka sa musu wata ƙaramar baƙa mai suna Sunflower, an zana ta da manyan leɓɓa irin zanen wulaƙanci na wancan zamani, aikinta goge musu kofato da yi musu kwalliya. Tun a 1969 aka cire ta, kuma a kaset da faifai sai aka riƙa zuƙo hoton a matso da shi yadda za ta faɗa wajen allo. Idan ka lura za ka ga hoton ya yi ɗan dishi-dishi a daidai wurin. Haka Aladdin na 1992: waƙar buɗe fim ɗin ta siffanta ƙasar Larabawa a matsayin inda ake yanke wa mutum kunne a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata ƙungiyar Larabawan Amurka mai yaƙi da wariya ta tashi tsaye, kafin kaset ya fito a 1993 aka musanya baitin da wani mai maganar zafin rana da faɗin hamada. Sai dai an bar kalmar da ke kiran wurin ƙasar dabbanci, wato an yi ba a yi ba. A Janairu 1999 kuma aka janye kaset miliyan 3.4 na The Rescuers daga kasuwa, saboda an gano wani ya cusa hoton mace tsirara a tagar wani gida, a hoto biyu tak cikin hotuna 24 da ke wucewa kowace daƙiƙa. Tun 1977 abin ke cikin fim ɗin, silima ba ta tona shi ba, sai bidiyo mai maɓallin tsayarwa. Wannan kam ban ji wanda ya yi kukan an cire ba.

Wasu yanke-yanken kuwa dariya za su ba ka. A faya-fayan da aka fitar a Amurka a 2000, an bi da kwamfuta an goge taba daga bakin Pecos Bill a Melody Time, an goge ta Goofy a Saludos Amigos. A Make Mine Music kuwa an cire sashe guda sukutum, na wasu dangi biyu masu harbin juna, ba tare da mai saye ya san an rage masa komai ba sai in ya karanta ƙananan rubutu.

Wanda ya fi kowanne shan ɓoyo shi ne Song of the South na 1946, haɗin katun da mutane. Wannan fim ya shafe mu ta wata fuska. An gina shi kan tatsuniyoyin da Joel Chandler Harris ya tattara daga bakin baƙaƙen jihar Jojiya ya fara fitar da su a littafi a 1880, tatsuniyoyin da bayi suka tsallaka teku da su daga Afirka. Labarin zomon da ya manne a jikin ɗan tsanan kwalta, ai ɗan'uwan tatsuniyarmu ce ta Gizo da budurwar danƙo. Matsalar fim ɗin ita ce yadda ya nuna baƙaƙen gandu suna ta waƙa da murmushi ga iyayen gidansu kamar ba abin da ya taɓa faruwa. James Baskett, wanda ya fito a matsayin tsoho mai ba da tatsuniyar, an ba shi kyautar Oscar ta girmamawa a 1948, amma bai halarci bikin buɗe fim ɗin a Atlanta ba saboda dokar wariyar launin fata. Rabon da a nuna shi a silimar Amurka tun 1986, kuma ba a taɓa sakinsa a kaset ko faifai a ƙasar ba, alhali an sayar da shi a Ingila da Japan. Wato a gida abin kunya ne, a waje kuma haja ce.

Tom da Jerry, waɗanda kusan kowa a nan ya sani, su ma sun sha wannan aski. William Hanna da Joseph Barbera sun yi guda 114 a kamfanin MGM daga 1940 zuwa 1958, bakwai daga ciki sun ci Oscar. Ka tuna matar nan mai ƙiba da silifa da tsintsiya wadda ba a nuna fuskarta, mai yi wa Tom tsawa? Baƙar mace ce, Lillian Randolph ce ta yi muryarta. A shekarun 1960 aka sake zana ta a wasu aka mayar da ita farar mace don talbijin, a shekarun 1990 kuma aka bar zanen aka sake muryar da wata mai Turancin 'yan boko. Saboda haka ya danganta da kwafin da ya faɗo hannunka, matar gidan su Tom kala uku ce. A 2011 kamfanin Warner ya fara fitar da su a jere ba yanka, masoya suka yi murna. Da aka sanar da kundi na biyu a 2013 sai aka ga babu guda biyu, Mouse Cleaning da Casanova Cat, saboda akwai wurin da fuska ke yin baƙi ƙirin ana kwaikwayon baƙar fata. Masu saye suka yi ca, kamfanin ya fasa fitar da kundin baki ɗaya. Sai a ƙarshen 2025 aka saki duka 114 ɗin a haɗe, har da waɗancan biyun.

Ni dai a nan ra'ayina a fili yake. A matsayina na baƙar fata ba na jin daɗin ganin Sunflower, kuma ba zan kunna wa ƙaramin yaro ita ba. Amma in aka goge ta aka yi shiru, wa aka yi wa gata? Ba ni ba. Kamfanin aka wanke, ya zama kamar bai taɓa zana ta ba, jikokin masu kallon 1940 kuma su tashi da tunanin kakanninsu ba su taɓa yin dariya da irin wannan ba. Hanyar da ta fi ita ce wadda su da kansu suka taɓa bi. A jerin Walt Disney Treasures da aka fara a 2001, masanin fim Leonard Maltin yana fitowa kafin katun ɗin ya yi bayanin zamanin da aka yi shi da abin da ke cikinsa na rashin kyautawa. Warner ma ya sa Whoopi Goldberg ta yi irin wannan gabatarwa a 2005. A bar wa yara kwafin da aka tace, a rubuta a jiki cewa an tace. A bar wa manya na asali. Faifan DVD yana iya ɗaukar duka biyun, ba wani tsada ba ne.

Sai dai fa, mai karatu, masu ƙorafin da suka fi ɗaga jijiyar wuya ba a kan yanka suke yi ba. A kan gyara suke yi, kuma a nan ne nake ganin an fi yin ɓarna, don ita ba a ganin ta sai an ajiye tsohon hoto kusa da sabo.

Bari mu fara da faɗin allo. Tsohuwar talbijin kusan murabba'i ce, huɗu bisa uku. Sleeping Beauty na 1959 kuwa an zana shi ne don shimfiɗeɗen allon silima wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu, mai zane Eyvind Earle ya cika kowane lungu da itatuwa da duwatsu. Don ya cika allon talbijin sai aka datse dama da hagu, kusan rabin hoton ya tafi. Mutum biyu na magana, kana ganin ɗaya da hancin ɗayan. Da talbijin mai faɗi ta zo sai abin ya juye: tsofaffin katun masu siffar murabba'i aka riƙa datse musu sama da ƙasa. A 2010 Warner ya fitar da faya-fayan Bugs Bunny da Daffy Duck an yi musu haka, kunnuwan zomo na fita daga allo. Mu nan kuma muna da ƙarin namu: tsarin talbijin ɗinmu na PAL yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, don haka kaset ɗin da ya zo mana ta Ingila ya fi na asali sauri da kashi 4 cikin 100, muryoyin ma sun ɗan fi siranta. Balle kuma faifan nan na kasuwa mai fim ashirin a ciki, wanda an matse hoton har fuskar Simba ta zama dabbare-dabbare.

Babbar magana ita ce wanki. Ka san yadda ake yin katun a da: a zana kowane motsi da fensir a takarda, a kwafe shi da tawada a kan farar leda mai haske, a shafa fenti ta baya, a ɗora a kan zanen bango, a ɗauki hoto, a cire a sa na gaba. A tsarin Technicolor kowane hoto sau uku ake ɗaukarsa a kan zaren fim baƙi da fari, ta gilashin ja da kore da shuɗi, daga baya a haɗa launin wajen bugawa. Shi zaren fim yana da wasu ƙananan ƙwayoyi kamar tsaki, su ne ainihin abin da ke riƙe hoton, su ke ba shi wannan ɗan motsi-motsi da laushi da kake gani a silima. A 1993 Snow White ya zama fim na farko da aka kwashe gaba ɗayansa aka zuba a kwamfuta aka share ƙura da ƙarzuna, aka mayar kan zare. Aikin ya yi kyau, kowa ya yaba. To amma da na'ura ta ƙara ƙarfi sai hannu ya zarce. Aka yanke shawarar cewa yaran yanzu sun saba da hoto mai santsi irin na Pixar, don haka a kwashe tsakin nan duka. Ita kuwa kwamfuta ba ta san bambancin datti da siririn layin da mai zane ya ja da gangan ba. Duk abin da ya yi siriri ya kuma gilma da sauri, sharewa take yi.

Cinderella na 1950 ne ya zama abin misali. A faifan Blu-ray na 2012 masu lura suka ga layukan da ke nuna naɗe-naɗen rigarta sun ɓace a wurare, rigar ta zama kamar an shafe ta da fenti guda. Ƙyalƙyalin da ke zuba lokacin da aljanar ta canza mata kaya, wurin da aka ce Walt Disney ya fi so a duk zanen kamfaninsa, wani sashensa ya bi ruwa. Rigar ma asalinta fara ce mai ruwan azurfa, amma an yi ta tura ta wajen shuɗi har ta yi kama da ta 'yartsanar da ake sayarwa a kanti. The Sword in the Stone da aka fitar a 2013 ya fi wannan muni. Shi an yi shi ne a 1963, zamanin da kamfanin ya koma kwafe zanen fensir kai tsaye da injin Xerox, dabarar da aka yi 101 Dalmatians da ita a 1961, shi ya sa layukan suke da kaushi kamar zanen da ba a gama gogewa ba. Wannan kaushin shi ne hannun mai zanen, shi ne kyan abin. Kwamfuta ta ɗauke shi datti ta bi ta murje, fim ɗin ya fito kamar an shafa wa gilashin man shanu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Masu kare wannan aiki suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa burinsu su nuna maka zanen kamar yadda yake a kan teburin mai zane, kafin kyamara da zare su rage masa haske. Amsar da masana suka ba su ita ce, ai masu zanen ba don tebur suka yi ba. Sun san yadda Technicolor ke canza launi, suna gwaji, suna zaɓen fentin da zai ba da abin da suke so bayan ya bi ta kyamara da fitilar majigi a ɗaki mai duhu. In ka nuna fentin yadda yake a leda, ka nuna abin da su ba su taɓa nufin kowa ya gani ba. Mai rini ya san kalar da zane ke fitowa da ita daga karofi ba ita ce kalarsa bayan ya sha iska ya bushe ba, kuma ta biyun yake nufi.

Murya ma ba ta tsira ba. A faifan Fantasia na 2000 an dawo da dogayen jawaban mai gabatarwa Deems Taylor, sai aka tarar sautin wasu ya ɓace, don haka aka sa Corey Burton ya maimaita duka. Fuskar Taylor kake gani, muryar wani kake ji. The Lion King kuwa, da ko shekara goma bai yi ba, an sake zana kadojin da ke cikin wata waƙa lokacin da aka kai shi manyan allunan IMAX a 2002, a faifan 2003 kuma aka cusa sabuwar waƙa. Wanda ke son ainihin abin da aka nuna a 1994 sai ya koma wa tsohon kaset.

An yi zaton intanet za ta kashe rigimar. A Nuwamba 2019 aka buɗe Disney+, shugaban kamfanin Bob Iger ya ce rumbu ya zo ƙarshe, komai zai kasance a wuri guda. Da aka buɗe, Song of the South ba ya ciki, Make Mine Music ma haka. Aka sa gajeren gargaɗi a kan su Dumbo da Peter Pan, a 2020 aka tsawaita shi, a 2025 aka sake taƙaitawa. A 2023 kuma aka kwashe finafinai da shirye-shirye da dama daga manhajar don rage kashe kuɗi. Nan mutane suka farga cewa kaset ɗin da ke kan kantarka, komai lalacewarsa, ba mai shigowa da dare ya canza masa waƙa. Wanda ke intanet kuwa ana iya taɓa shi kana barci, kuma haya kake yi, ba saye ba.

Ƙorafin bai tafi a banza ba. A 2023, shekarar da kamfanin ya cika 100, aka sake gyara Cinderella daga tushe. Aka ɗauko ainihin zaren farko da ke ajiye a Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, aka sa tsofaffin ma'aikatan zane, Eric Goldberg da Michael Giaimo, su tsaya a kan aikin. Tsakin ya dawo, layukan riga suka dawo, rigar ta koma ruwan azurfarta, waɗanda suka shekara goma suna zagi suka yaba. Aka yi wa Snow White irin wannan a shekarar. Sai dai gyaran ya zo ne daidai lokacin da kasuwar faifan ke mutuwa: a 2023 Disney ya daina sayar da faya-fayai a Ostireliya, a 2024 ya miƙa harkar bugawa da rarrabawa a Amurka ga Sony, wato kamfanin nan dai da ya kai kotu a 1976.

Su kuwa tsofaffin kasakasan, an yi ta yaɗa jita-jita a intanet cewa na farko-farkon, masu tambarin baƙin lu'ulu'u a gefe, sun zama dukiya, har kana ganin mutane na sa musu farashin dubban daloli. Sa farashi daban, samun mai saye daban. Miliyoyi aka buga, kusan kowane gida a Amurka akwai su a kwali, 'yan daloli kaɗan ake sayensu. Waɗanda ke nemansu da gaske, su da manyan faya-fayan leza na shekarun 1990, masu son ganin launin da aka wanke ne da layin da aka goge, suna kwafe su zuwa kwamfuta tun kafin zaren ya gama cin kansa.